PinePhone ta daɗe a ajiye, yanzu ta ƙi tashi: batir ne, caja ce, ko fanel?

Tambayar da aka aiko ita ce: wani ɗan'uwa yana da PinePhone, wayar nan mai aiki da Linux, ya ajiye ta wata da watanni bai taɓa ta ba. Da ya ɗauko ta ya sa a caji ta kwana, amma ta ƙi tashi. Wani lokaci ƙaramar fitilar da ke samanta takan ƙifta sannan ta ɗauke. Da ya cire batir ya jona caja kai tsaye sai ta kama, sai dai babu sabis kuma babu Wi-Fi. Yana so ya san ko fanel ne ya ƙone, ko kuwa ya sake yi mata filashin.

Malam, kada ka yi mata filashin tukuna, kada kuma ka yi odar fanel. Abin da ka gani da ka cire batir albishir ne. Wayar da ta iya tashi har ta nuna hoto ta riga ta shaida maka cewa injinta na Allwinner A64 yana da rai, ma'adanarta tana karantuwa, sikirin ma lafiya lau. Rashin sabis da Wi-Fi kuwa haka aka ƙera ta. Modem ɗinta, wato guntun da ke kama sabis, Quectel EG25-G, da guntun da ke kula da Wi-Fi da Bluetooth, Realtek RTL8723CS, daga layin batir suke shan wuta. Idan babu batir, ko yana nan amma ya yi ƙasa sosai, ba za su yi aiki ba ko da wace irin caja ka jona. Dalilin bai ɓuya ba: modem idan yana magana da hasumiyar sabis yakan fizgi wuta mai yawa a ɗan ƙanƙanin lokaci, a tsohon layin 2G har kusan amfiya 2, kuma batir ne kawai ke iya biyan irin wannan fizga ba tare da ƙarfin wutar ya faɗi ba. Saboda haka zargina na farko, da na biyu ma, a kan batir yake.

Ga abin da yake faruwa da batirin da aka bari cikin waya a kashe. Kashe waya ba ya yanke wuta gaba ɗaya. Agogon ciki yana tafiya, guntun rarraba wuta, wato AXP803, yana zaune yana jiran a danna maɓalli, shi kansa batirin kuma yana zubar da kaɗan daga cajinsa a hankali. Wata ɗaya ba komai ba ne, amma watanni da yawa sun isa su kai shi ƙasa. Batirin lithium irin wannan idan ya cika yana kaiwa bolt 4.2 ko ɗan sama da haka, tsakiyar aikinsa yana wajen 3.7 zuwa 3.8, idan ya sauka ƙasa da 3.0 ya shiga halin da ba a so. A cikin jikin batirin akwai ɗan ƙaramin allon kariya wanda ke yanke hanyar fita idan abin ya yi nisa, wajen 2.5, domin kada ƙwayar ta lalace gaba ɗaya.

Don haka ka nemi mita, ko ka ara, ka juya ta zuwa awon wutar batir, ka ɗora bakunanta biyu a kan haƙoran batirin masu alamar + da −. Wannan awon na daƙiƙa goma ya fi duk wani hasashe da ni ko wani zai yi maka daga nesa. Idan ka ga 3.6 ko sama, batirin yana da abin da zai tayar da waya, sai mu nemi laifin a wani wuri. Idan yana tsakanin 3.0 da 3.5, yunwa ce kawai, caji mai kyau zai dawo da shi. Idan yana ƙasa da 3.0, guntun caji ba zai ɗura masa wuta da ƙarfi ba. Yakan fara da ɗigo-ɗigo har sai ya farfaɗo, kuma wannan matakin yana iya cin awanni ba tare da ka ga wata alama a sikirin ba. Mutane da yawa a nan suke yanke ƙauna, su zare caja bayan minti ashirin, ko su yi ta danna maɓallin kunnawa. Duk dannawar da ka yi, ɗan abin da ya taru shi wayar ke ƙonewa wajen yunƙurin tashi. Ƙiftawar fitilar da ka ambata, mafi yawan lokuta wannan ne: ta fara tashi, ta ja wuta, ƙarfin batir ya faɗi, ta mutu, ta sake gwadawa. Kamar mai ɗiban ruwa ne a rijiyar da ta kusa ƙafewa, idan bai bar ta ta tsatso ba, laka zai yi ta ɗaukowa.

Idan mita ta nuna sifili, wataƙila allon kariyar ne ya rufe, ƙwayar da ke ciki tana da sauran abu. Hanyar da na fi amincewa da ita a nan ita ce a fitar da batirin a sa shi a cajar waje, irin mai haƙora biyu da ake matsawa su dace da kowane batir, a lura da + da −, a zauna kusa da shi. Idan cikin awa guda ya haura 3.0 kuma bai yi zafi ba, a bar shi ya kai 3.7 sannan a mayar da shi waya. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne a fere kebul a ɗora wayoyin bolt 5 kai tsaye a kan haƙoran batir don a "farkar da shi". Babu abin da ke iyakance wutar a wannan haɗin. Batirin da ya daɗe a ƙasa da bolt 2 kuma, tagullar da ke cikinsa takan narke ta sake daskarewa inda bai kamata ba, ta zama hanyar da za ta haɗa shi da kansa daga ciki. Irin wannan ko ya karɓi caji ba abin sawa a aljihu ba ne. Wanda ya kumbura ko da kaɗan, ko yake wari, ko ya ɗauki zafi yana zaune, maganarsa ta ƙare. A rufe haƙoransa da tef a kai shi inda ake karɓar tsofaffin batura. Ba a huda shi, ba a jefa shi wuta.

Alherin PinePhone a nan shi ne ba a liƙe batirinta da gam ba, kuma Pine64, kamfanin da ya fito da ita, ya zaɓi siffar da ake samu: ta batirin Samsung Galaxy J7 na 2015, mai lamba da ta fara da EB-BJ700, ƙarfinsa 3000 mAh. Ka duba lambar da kyau, domin J7 ɗin da suka biyo baya siffar batirinsu daban ce. Kafin ka sa sabon, ka haska haƙoran da ke jikin wayar, ka tabbata babu wanda ya lanƙwashe ko ya yi datti. Wanda ya sayi wayar sabuwa fil kuma ya tuna cewa tana zuwa da 'yar leda a liƙe a kan haƙoran batir, sai an ɓare ta.

Sai caja. Wayar an tsara ta ne a kan bolt 5 da amfiya 3, wato wat 15. Bakin USB na kwamfuta na yau da kullum 500 mA yake bayarwa, wanda bai kai abin da wayar ke ci ba idan sikirin a kunne yake. Shi ya sa za ka ga tana cewa tana caji alhali lambar tana raguwa. Kebul ma yana da nasa laifin: dogo, siriri, mai araha, wutar takan zube a hanya kafin ta iso. Akwai kuma wani abu da ya shafi wayoyin farko. Guntun ANX7688 ne ke tattaunawa da caja a bakin USB-C, kuma a fanel na 1.1, wanda ya fito da sunan Braveheart a farkon 2020, da na 1.2, akwai wasu ƙananan makunnai a layin ganewar kebul da suka zo da aibi, aka gyara a 1.2a. Idan taka tsohuwa ce kuma kebul mai C a baki biyu yana yi maka gardama, gwada mai A a gefen caja. Sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar.

Idan za ka iya samun 'yar mitar nan da ake sawa tsakanin caja da kebul, tana faɗin abubuwa da yawa. Sifili ɗungurungum yana nufin wutar ba ta shiga: kebul, ko datti a bakin caji, ko bakin kansa. Ƙaramar lamba da ta tsaya cak tana nufin ana cajin farfaɗowa, sai haƙuri. Lamba mai tsalle sama ta faɗo ta sake tsalle ita ce wayar da ke ta yunƙurin tashi tana mutuwa. Bakin cajin, idan shi ne, ba ya buƙatar a taɓa dalma. Yana kan wani ɗan ƙaramin allo ne daban a ƙasan wayar, siririyar igiya mai faɗi ta haɗa shi da babban fanel. Wani lokaci igiyar ce kawai ta saki bayan faɗuwa, a danna ta ta koma. Idan ya lalace, ana sayar da shi shi kaɗai, da sukudireba ake canza shi. Kullum a cire batir kafin a kwance noti ko ɗaya.

To, a ce batir ya dawo 3.8, caja mai kyau ce, amma har yanzu shiru. Yanzu ne muka zo kan manhaja, kuma a nan wannan waya ta fi kusan duk wayoyin da ke kasuwa sauƙin ceto. Injin A64 idan ya farka, katin mimori yake fara dubawa kafin ma'adanar ciki. Wannan tsarin a cikin guntun yake, babu filashin da zai iya goge shi. Ma'anarsa, duk irin ɓarnar da ta auku ga manhajar ciki, kati mai kyau zai tayar da wayar. Ka sauke JumpDrive, wata 'yar ƙaramar manhaja da aka yi domin wannan aikin, ka rubuta ta a katin mimori, ka cire batir, ka sa katin a ramin sama wanda ke bisa na SIM, ka mayar da batir ka kunna. Idan hotonta ya fito, ka jona wayar da kwamfuta, ma'adanar ciki za ta bayyana kamar filas. Abu na farko, kwashe hotunanka da takardunka. Bayan haka ne za ka duba ko ma'adanar ta cika maƙil, domin Linux idan ya rasa wurin rubutu yakan tsaya a hanya kafin ya nuna fuska, sannan ka bi ta da fsck, umarnin Linux mai duba tsarin fayiloli yana gyarawa. Wayar da ta yi ta mutuwa tana tsakiyar rubutu saboda ƙarancin wuta tana iya barin tsarin fayilolinta a hargitse, kuma fsck yakan daidaita shi ba tare da ka rasa komai ba. Wannan ne dalilin da na ce ka dakata da filashin: yana share abin da za a iya ceta, kuma idan aka yi shi da batir mai rauni yana iya yankewa a tsakiya ya bar ka cikin hali mafi muni. Idan akwai Tow-Boot a wayar, wato wata manhajar tayar da waya da wasu ke sawa, ba ka ma buƙatar kati. Riƙe maɓallin ƙara sauti lokacin kunnawa zai fito da ma'adanar ta USB, fitila ta koma shuɗiya.

Akwai gwaji guda mai sauƙi ga wanda ke zargin sikirin ne ya mutu ba wayar ba. Jona ta da kwamfuta mai Linux ka buga lsusb, umarnin da ke jero abubuwan da aka jona ta USB. Idan ka ga 1f3a:efe8, injin yana raye amma bai sami abin da zai tashi da shi ba, yana jiran umarni. Idan kuma postmarketOS, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux na waya, ke kanta kuma ta tashi sarai, za ta buɗe hanyar sadarwa ta kebul ɗin, ka shiga cikinta daga kwamfuta da umarnin ssh a adireshin 172.16.42.1 ko da sikirin baƙi ƙirin ne.

Kayan aikin da na fi darajantawa a kan wannan waya shi ne bakin iyafis. A ƙarƙashin murfin baya akwai ƙananan makunnai shida a jere: na 1 modem, na 2 Wi-Fi da Bluetooth, na 3 makirfo, na 4 kyamarar baya, na 5 kyamarar gaba, na 6 bakin iyafis. Tun da muna nan, ka tabbata na 1 da na 2 a kunne suke, domin hannu yakan ture su wajen cire batir, mutum ya kwana yana neman sabis. Idan ka kashe na 6, bakin iyafis ya daina fitar da sauti ya koma bakin da wayar ke rubuto duk abin da take yi tun daga daƙiƙar farko. Da kebul na musamman mai aiki da bolt 3.3, da gudun 115200, za ka karanta a kwamfuta da manhajar picocom ko makamanciyarta. Kada ka yi amfani da mai bolt 5. Abin da za ka gani yana raba gardama. Idan babu ko harafi ɗaya, wuta ba ta isa injin ba. Idan U-Boot, wanda ke fara tashi ya loda Linux, ya rubuta layinsa na farko ya faɗi girman ƙwaƙwalwa sannan ya koma farko, ya yi ta maimaitawa, ƙarfin wuta ne ke faɗuwa. Idan ya wuce nan ya shiga Linux sannan ya tsaya da dogon rubutun kuskure, matsalar manhaja ce, kuma layukan ƙarshe sukan ambaci sunan abin da ya gaza. Duk wanda zai nemi taimakon masu haɗa manhajar, wannan rubutun shi za su fara tambayarsa.

Dole in tsaya a kan PinePhone Pro, domin a ido kusan ɗaya suke, batirinsu ma ɗaya, amma shawarar katin mimori ba ta aiki a kanta kai tsaye. Injinta Rockchip RK3399S ne, kuma shi yana fara duba ƙaramar ma'adanar SPI, sannan ta ciki, kati ne na ƙarshe. Ga shi kuma ta fi cin wuta, kuma da zarar an jona caja takan yi ƙoƙarin tashi, don haka idan batirinta ya ƙare sarai takan faɗa cikin wancan zagayen na tashi da mutuwa ba tare da ta taɓa tara komai ba. Maganinsa shi ne a hana ta tashi. A ƙarƙashin murfin baya akwai ɗan maɓalli mai rubutun RE wanda ke toshe ma'adanan ciki muddin ana riƙe da shi. Ka cire kati da duk wani kebul, ka cire batir ka mayar, ka danne RE, kana riƙe da shi ka jona ta da kwamfuta. Idan lsusb ya nuna 2207:330c, ta shiga yanayin da ba ta yin komai sai jira, kusan duk wutar da ke shiga batir take tafiya. Ka bar ta awanni. Wannan maɓallin kuma shi ake riƙewa na 'yan daƙiƙu lokacin kunnawa idan ana so ta tsallake manhajar ciki ta kama ta kati.

Idan taka ta tashi, kada ka yarda da lambar kashi nawa da sikirin ke nunawa a kwanakin farko, musamman bayan canjin batir. Ka tambayi injin da kansa. A cikin /sys/class/power_supply/axp20x-battery/ akwai voltage_now da current_now da status. Lambobin a kashi ɗaya cikin miliyan suke, wato 3800000 na nufin bolt 3.8. Batirin da ke nuna 4.1 yana hutawa, amma ya faɗo 3.5 da zarar an buɗe burauza ko kira ya shigo, ya tsufa, ko da yana cewa ya cika.

Maganar saurin ƙarewar caji kuma, gaskiya ita ce A64 tsohon ƙira ne na 2015, ba a yi shi don tsimin wuta irin na injinan wayoyin yau ba. Muddin yana farke yana ci. Rayuwar batirin wannan waya gaba ɗaya ta rataya ne a kan barci mai nauyi, wanda wata 'yar manhaja mai suna Crust ke kula da shi: tana kashe manyan ƙwayoyin injin, ta bar ƙaramin mataimaki yana gadi har kira ko saƙo ya shigo. Idan ka ajiye waya da daddare ka tashi ka tarar da ita da ɗumi kuma ta zube, ba ta yi barci ba. Wani abu ne ya riƙe ta: manhajar kiɗa, ko saukar da fayil, ko saitin barcin ne a kashe. A Mobian da sauran nau'o'in Linux masu systemd, umarnin systemd-inhibit --list zai nuna maka wanda ya hana, journalctl -b kuma zai nuna lokutan da ta kwanta da lokutan da ta farka. Modem shi ne na biyu a ci. Shi kansa 'yar kwamfuta ce mai nata Linux a ciki, kuma a inda sabis ke da rauni yakan ƙara ƙarfin murya don hasumiya ta ji shi. Idan umarnin mmcli -L, mai jero modem, bai gan shi ba alhali batir lafiya kuma makunni na 1 a kunne, ka duba eg25-manager, wanda ke kunna shi da kashe shi, kafin ka zargi ƙarfen. Na ga ana ba wa mutane shawarar su yi ta sauya manhaja, daga Manjaro zuwa Ubuntu Touch zuwa postmarketOS, don neman wadda batirinta ya fi daɗewa. Bambancin akwai, amma bai kai na waya mai barci da marar barci ba.

Ga mai murfin madannai na Pine64, wanda ke da nasa batir na 6000 mAh a ciki, akwai ƙa'ida ɗaya da ba a karyawa: muddin murfin yana jone, caja a bakin murfin ake sa ta, ba a bakin wayar ba. Wutar da ta shiga ta bakin wayar tana iya komawa baya ta haƙoran da ke haɗa su ta ƙone guntun cajin murfin.

Nan gaba idan za ka sake ajiye ta, ka bar batirin a wajen rabin caji, ka cire shi daga jikin wayar, ka sa shi wuri mai sanyi marar danshi, nesa da makullai da kwabbai da za su iya haɗa haƙoransa. Duk bayan 'yan watanni ka auna shi. Idan ya sauka ƙasa da 3.6 ka ɗan ƙara masa. Kada a caja shi yana da zafi sama da digiri 45, ko a sanyin da ya kai na daskarewar ruwa.

Fanel kuma sai an cika sharuɗɗa uku kafin a yanke masa hukunci: an sa batirin da aka auna aka tabbatar, an gwada katin JumpDrive da aka san yana tayar da wata waya, kuma bakin iyafis bai rubuto komai ba, lsusb ma bai ga komai ba. Idan duka ukun suka haɗu, to a canza shi, ana sayar da shi daban kuma notuna da igiyoyi ne kawai ke riƙe da shi. Sai dai ka sani ma'adanar ciki a jikinsa take a liƙe, duk abin da ke cikinta da tsohon fanel zai tafi. A halin da ka bayyana ba ka kai nan ba, kuma tun da wayarka tana tashi da caja kaɗai, ka yi amfani da wannan damar yau ka kwashe bayananka kafin sabon batir ya iso.